Sabuwar Fuskar Gidan Askerby

Askerby, Yorkshire
4 ga Yuni, 1818

'Yar'uwa Tabitha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa Bath lafiya, kuma ruwan zafin nan da likitoci ke ta zuzutawa ya fara sassauta wa mahaifiyarki, Gwaggo Prudence, ciwon gaɓoɓinta. Ni lafiya lau, ban da murar da na kwaso a kan rufin gidanku. Misis Oddie mai kula muku da gida tana gaishe ku. Ƙafarta ta kumbura, amma bakinta yana nan garau.

Rufin da kika sa ni gyara ya kusa kammaluwa, ɗigon ruwa ya tsaya a ko'ina sai ɗakin ajiya. Amma tun da na hau sama na leƙo ƙasa, wani abu ya tsaya mini a rai. Tabitha, fuskar gidan nan ta tsufa. Rumfar ƙofa ta karkace. Ɗakin tagar nan na Gwaggo ya turo waje kamar tumbin mai sayar da giya, ga tagogi 'yan mitsi-mitsi, gilashin bai wuce tafin hannu ba, an ɗaure shi da dalma tun zamanin kakan kakanmu. Wa ke gina irin wannan yanzu? Na je York watan jiya, na ga yadda masu hali ke yi: bango a miƙe sumul, a shafe shi da farar ƙasa, dogayen tagogi uku sama biyu ƙasa, ginshiƙi biyu a bakin ƙofa. Na zana naku a takarda, sai kin gani.

Ki ba ni izini in rushe rumfar da ɗakin tagar, in yi wa gidan sabuwar fuska. Kakanki da kakana ciki ɗaya suka fito, sunan Harbottle ne a ƙofar, don haka kunyar gidan ta shafe ni. Kuma ba zan ɓoye miki ba, shekara ashirin ana ce mini Jethro magini, mai ɗora dutse kan dutse. Ina so ko sau ɗaya a ce Jethro ya tsara gida.

Ki amsa da wuri, farar ƙasa ba ta kama bango in sanyi ya shigo. Kuma don Allah takarda ɗaya. Kin san mai karɓa ne ke biyan kuɗin wasiƙa, wancan karon kuwa takarda uku kika aiko mini a kan huluna.

Ɗan'uwanki,
Jethro Harbottle


Bath
12 ga Yuni, 1818

Ɗan'uwa Jethro,

Na sami wasiƙarka, na gode. Allah ya sawwaƙe murar, ka daina hawa rufi ba mayafin wuya. Ka gaida Misis Oddie, ka ce ta ɗora ƙafar kan kujera, ta ɗan hutar da bakin. Ni ina nan lafiya, sai gajiya. Gaɓoɓin Mama sun yi sauƙi kaɗan, shekaranjiya ta riƙe kofin shayi da kanta.

Takarda ɗaya ka ce, to takarda ɗaya za ka samu, kuma sai ka ji labarin tufafi ko ka ƙi. Matan garin nan sun yanke wa kansu hukuncin mutuwa da sanyi. Farin yadi shara-shara, an ɗaure shi a ƙarƙashin ƙirji, hannu a waje, takalmi kamar na takarda, ga ruwan sama ba ya ɗaukewa. Mama kuwa tana nan da tsohuwar rigarta mai faɗi da hularta ta leshi. Ranar Talata a zauren shan ruwan, ta dubi wasu 'yan mata uku ta ce da ƙarfi, “Tabitha, gobara aka yi a gidansu ne suka fito da rigar barci?” Na rasa inda zan sa kaina.

Gidajen da kake mafarki kuwa, ga su nan na gani har na ƙoshi. A jere, sumul, taga daidai da taga, ƙofa daidai da ƙofa. Abin sha'awa ƙwarai! Mutum ba ya ma buƙatar sanin gidansa, duk wanda ya shiga daidai ne.

Takarda ta cika, na juya ta ina rubutu a gicciye a kan na farko, sai ka buɗe ido. Wannan shi ne mai muhimmanci. Jethro, ba gaɓoɓin Mama ne ke damuna ba, kanta ne. Tun da muka zo take rikicewa. Sau biyu ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu kafin a haife ni. Kullum da safe sai ta duba ɗakin da muke haya ta ce, “A mai da ni ɗakin taga, na gaji da zaman gidan mutane.” Likita ya ce ta ƙarasa wankan ruwan zuwa Satumba, sannan in kai ta gida, ya ce tsoho irinta ba abin da ke riƙe masa hankali kamar wurin da ya saba. Shekara arba'in da shida take zama a wannan tagar. A gilashinta Baba ya karce sunansa da nata da dutsen zobensa, makon da aka kawo ta. In hankalinta zai dawo, a nan zai dawo.

Wuri ya ƙare, sai ɗan gefen nan da zan naɗe. Batun ɗakin taga da rumfar ƙofa, kada ka rushe su. Ka gama aikinka kafin sanyi.

'Yar'uwarka,
Tabitha


Bath
30 ga Yuli, 1818

Ɗan'uwa Jethro,

Ina gaisuwa, in har kana raye. Mako bakwai ke nan ban ga ko layi ɗaya daga hannunka ba. In murar ce ta kwantar da kai, a sa wani ya rubuto. In fushi kake don na hana ka abin da kake so, ka yi fushinka a takarda, zan karanta. Misis Oddie ba ta iya rubutu ba, ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Mun sake masauki, matakalar wancan ta fi ƙarfin Mama, sabon adireshin yana bayan takarda. Jikinta da sauƙi, tana takawa da sanda. Kan kuwa yau fari gobe baƙi. Abu ɗaya ke kwantar da ita, in zauna in riƙa lissafa mata abin da ake hangowa daga tagarta: itacen tuffa, rijiya, hasumiyar coci. Sai ta yi ta gyara mini in na yi kuskure, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

Na tsai da ranar tahowarmu, sha huɗu ga Satumba. Ka sa a share bututun hayaƙin ɗakin taga, a shanya labulensa. Rufin ya ƙare ko bai ƙare ba? Shirun nan naka ya fara ba ni tsoro.

Tabitha


Askerby
9 ga Agusta, 1818

'Yar'uwa Tabitha,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina raye, mura ta tafi tuntuni, na ji daɗi da Gwaggo ta fara takawa. Ki yafe shirun, da gangan na yi. So nake sai aiki ya tsaya da ƙafarsa sannan in ba ki albishir. Amma wane fushi kike faɗa, kuma me kika hana ni? Ban gane wannan layin ba.

To, albishirinki! An gama. Washegarin da wasiƙarki ta farko ta iso na sa ma'aikata shida, cikin kwana huɗu rumfar da ɗakin tagar suka zama tarihi. Ba ki ga ruɓar da ke cikin katakon ba. Yanzu bango ya miƙe tun daga ƙasa har rufi, fari fat, tagogi biyar dogaye, ginshiƙai biyu da na sa aka kawo daga York. Ɗakin Gwaggo ya rage faɗi kaɗan tunda tumbin ya tafi, amma haske sai ka ce a waje kake.

Ranar Lahadi matar mai gonakin Ellerbeck ta sa aka tsai da keken dokinta a bakin hanya, ta ɗaga gilashin idonta ta ce, “Wa ya tsara wannan?” Tsara, Tabitha! Ina tsaye da sabuwar doguwar hulata, na cire ta na rusuna. Ta ce in zo in duba mata nata gidan.

Misis Oddie ce kawai ta ƙi ba ni lafiya. Tun ranar farko ta tsaya a ƙofa da tsintsiya tana cewa, “Malam Jethro, ka tabbata ka iya karatu?” Na nuna mata wasiƙarki, ta ce ita baƙi da fari duk ɗaya ne a wurinta, amma ta san uwar ɗakinta. Yanzu ta ce gidan ya yi kama da gawa da aka yi wa wanka, ta kuma daina zuba mini shayi. Ki yi mata magana.

Bututun hayaƙin da kika ce a share babu shi, ya tafi da bangon. Na yi sabon murhu ƙarami a ɗaya gefen, irin na zamani. Tsohon labulen ba zai kai tsawon sabuwar taga ba, ki sayo yadi a Bath, rawaya mai haske ake yayi.

Ɗan'uwanki mai farin ciki,
Jethro


Bath
15 ga Agusta, 1818

Jethro,

Lafiyarmu ƙalau, tunda al'ada ta ce a fara da haka. Takarda biyu ce wannan, da manyan baƙaƙe, ba gicciye, kuma ka biya.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa don kada Mama ta ji ni. Me ka yi? Me ka yi, Jethro? Cewa na yi KADA ka rushe su. Da hannuna na rubuta, ina tuna inda alƙalami ya ɗiga. Na ba ka dalili, layi goma sha, na faɗa maka abin da likita ya ce, na faɗa maka halin da kanta ke ciki. Wane irin karatu ka yi? Matar da ba ta san baƙi ba ta fi ka gane wasiƙata.

Kana ba ni labarin matar Ellerbeck da gilashin idonta. Ita za ta zauna a ɗakin? Rufi na ce ka gyara. Rufi! Ka hau sama ka leƙo ƙasa, ka ga dama ta samu ta yin suna da gidan tsohuwar da ba ta nan. Har da yadin labule rawaya!

Yau da safe ta tambaye ni saura kwana nawa, na ce talatin. Ta ce, “Ki rubuta wa yaron nan Jethro kada ya bari ma'aikatansa su jingina tsani a tagata, gilashin ba ya son wasa.” Na ce to, Mama. Ban taɓa yi mata ƙarya irin wannan ba, kuma kai ka sa ni.

Ba na son bayani mai tsawo. Ka mai da ɗakin yadda yake. Duwatsun suna nan, katakon yana nan, kai ka rushe, ka san inda kowanne ya fito. Kana da wata guda. Gilashin da Baba ya rubuta sunansu fa, yana ina? Ka amsa da keken wasiƙu na farko.

Tabitha


Askerby
24 ga Agusta, 1818

'Yar'uwa Tabitha,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Gwaggo fatan ƙarin sauƙi. Ni ba zan ce lafiya nake ba.

Da na karanta taki sai na ce matar nan ta manta abin da ta rubuta. Na ɗauko tsohuwar wasiƙar don in kafa miki hujja. Ga abin da ke gefen, ina kallonsa yanzu: “Batun ɗakin taga da rumfar ƙofa,” sai 'yar huda, sai “ka rushe su. Ka gama aikinka kafin sanyi.” Hudar nan inda kika ɗiga jan kakin liƙewa ne. Da na ɓalle hatimin ya tafi da ɗan guntun takarda, kamar yadda yake yi kullum, ban kula ba. Na zazzage akwatin takarduna na samo kakin, na juya bayansa. Ga kalmarki nan manne, haruffa huɗu. Na sa miki shi a cikin wannan, ki gani da idonki.

Yanzu ki faɗa mini, wa ke rubuta magana mafi nauyi a daidai wurin hatimi? Yara ma an koya musu su bar wurin fili. Kuma ke kika rubuta “abin sha'awa ƙwarai” a kan gidajen Bath. Ta ina zan ji muryarki a takarda in san gatse ne?

Wannan shi ne uzurina. Ga kuma inda ba ni da uzuri, sai in faɗa tunda kin tambaya. Rubutun gicciyen ban karanta shi ba. Na gwada layi biyu, idona ya yi ruwa, na ga “Mama” na ga “likita”, na ɗauka ci gaban labarin riguna ne da wankan ruwa, na tsallake zuwa ƙarshe inda amsata take. Jiya na zauna da madubin ƙara girma na karanta shi duka. Da ma ban iya karatun ba gaba ɗaya, da ya fi mini sauƙi.

Mai da ɗakin ba zai yiwu ba, Tabitha, ba taurin kai ba ne. Duwatsun an farfasa su an shimfiɗa hanyar shiga. Katakon rabi ruɓaɓɓe ne, an ƙone, mai kyan an tsaga an yi ƙofar barga. Ko da komai na nan, aikin wata huɗu ne, sanyi kuma zai riga mu. Gilasan na bai wa mai lambun coci ya rufe shukar kokwambarsa. Na je na durƙusa a cikin taki na duba su ɗaya bayan ɗaya. Na sami rabin gilashin naku, inda aka rubuta Enoch, sunan mahaifinki. Rabin da ke da sunan Gwaggo ban gan shi ba.

Abin da na iya na yi. Na sa kujerarta daidai inda take a da, gwargwadon yadda bango ya bari, na rataye tsohon labulen duk da ya ɗangale. Itacen tuffa da rijiya suna nan, ana hango su. Wataƙila in ta shiga ciki ta zauna, ba za ta damu da waje ba.

Ba za ku same ni ba. An kira ni wani aiki a Hull daga goma ga Satumba. Ba gudu nake ba, tun kafin wannan aka yi maganar.

Ɗan'uwanki,
Jethro


Masaukin matafiya, Askerby
22 ga Satumba, 1818

Ɗan'uwa Jethro,

Gaisuwa. Ina fata iskar Hull ta karɓe ka. Mun iso ranar Juma'a, jikin Mama ya jure tafiyar fiye da nawa. Kakinka ya iso tun muna Bath. Na ga kalmata, na ga kuma inda na ɗiga shi, ba sai ka sake faɗa ba. Na yi kwanaki ina raba laifin tsakanina da kai, na gaji, ba abin da rabon ya gyara.

Ka duba saman takardar nan ka ga daga inda nake rubutu. Tunda ba gudu ka yi ba, ya kamata ka ji yadda aka yi.

Ban faɗa wa Mama abin da ka yi ba. Sau uku na buɗe baki a hanya, na kasa. Ranar ƙarshe, tun da muka shigo ƙasarmu, sai ga Mama ta dawo Mamar da na sani. Ta zauna a miƙe, ta gyara hularta, tana kiran sunan kowane tudu da kowace gona, wa ya mutu a can, wa ya auri wa. Ta kira ni Tabitha tun safe har la'asar, ba kuskure ko ɗaya. Har ta yi wa mai tuƙi faɗa don ya bi ta gada maimakon mashigi. Na ce a raina likitan nan ya san aikinsa.

Muka karya kwanar coci, keken dokinmu ya hau sabuwar hanyarka, ya tsaya. Ta leƙa. Gaskiya gidan ya yi kyau, Jethro, in wannan kake jira ka ji. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Gidan wa ye wannan?”

Na ce, “Namu ne, Mama. Gyara aka yi. Ga itacen tuffa can, ga rijiya.”

Ba ta ko dubi inda nake nunawa ba. Ta ce, “Ashe baƙi sun tare a garin nan, ba wanda ya gaya mini.”

Misis Oddie ta fito da ɗingishinta tana share hawaye da gefen riga. Mama ta gan ta, fuskarta ta washe. “Oddie! Nan kika koma aiki? Suna riƙe ki da kyau dai?”

“Ranki ya daɗe, gidanki ne. Ki sauko, na dafa shayi, kujerarki na nan.”

“Kul, Oddie. Ni ba na faɗa wa mutane gida ba a gabatar da mu ba. Ba haka aka rene ni ba.”

Sai ta buɗe jakarta ta ciro katin ziyararta, ta lanƙwasa kusurwarsa a hankali don a san da ƙafarta ta zo, ta miƙa wa Oddie ta taga. “Ki bai wa matar gidan. Ki ce Misis Harbottle ta zo yi musu barka da zuwa.” Ta gyara zama, ta buga rufin keken da sandarta, ta ce, “Mu tafi gida.”

Mai tuƙi ya sunkuyo ya dube ni. Ya ce, “Ina muka nufa, ranki ya daɗe?”

Shi ya sa muke masauki. Na ce mata ana share mana bututun hayaƙi ne, ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Wani lokacin in ta kalle ni sai in ga kamar ta san komai, hukunci ne kawai take yi mana irin nata. Wani lokacin kuma ta kira ni da sunan ƙanwarta. Na roƙe ta, Oddie ta roƙe ta, fasto ya zo ya yi nasa, ta ba shi shayi ta sallame shi.

Yau kwana huɗu. Kullum da azahar sai ta sa a ɗaura mata rigarta mai kyau, ta zauna tana fuskantar ƙofa, tana jiran matar farin gida ta zo rama ziyara, tunda mai mutunci ba ya wuce mako bai rama ba. Duk keken da ya wuce sai ta gyara hula. Ɗazu ta ce mini, “Gidansu dai ya yi kyau, amma mutanen nan ba su da tarbiyya.”

Katin yana hannuna, Oddie ta kawo mini, ta ce ba ta san wata matar gida ba bayan ni. Saura kwana uku mako ya cika. Kai ne mai tsara abubuwa, Jethro. Ka rubuto, a tsakiyar takarda, ka faɗa mini wa zan aika ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

'Yar'uwarka,
Tabitha Harbottle